Ƙofar da Kwalara Ba Ta Iya Rufewa: Sirrin Ruwan Gishiri da Sukari

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin masu amai da gudawa a tsakiyar damina ba zai manta da gadajen wurin ba. Gado ne na tamfol, da rami a tsakiyarsa, an tura bokiti ƙarƙashi, domin marar lafiya ba shi da ƙarfin tashi ya zaga. Abin da ke fita daga jikinsa ruwa ne tsululu, fari-fari, kamar wanda aka wanke shinkafa da shi. Idan cutar ta yi ƙamari, babban mutum kan zubar da kusan lita guda cikin awa ɗaya. Magidancin da ya je gona da hantsi da ƙafarsa, kafin la'asar idanunsa sun zurma, muryarsa ta disashe, yatsunsa sun yamutse kamar na matar da ta wuni tana wanki.

A ɓangaren yara, ma'aikaciyar jinya kan tsunkuli fatar cikin yaro ta saki. Idan fatar ta koma nan take, da sauran sauƙi. Idan ta tsaya a tattare tana komawa a hankali, ruwan jiki ya yi nisa. Yaron da har yanzu yake iya haɗiya, sai ta yage wata 'yar leda, ta zazzage garin cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, ta miƙa wa uwar kofi da cokali.

"Maman yaro, cokali-cokali za ki riƙa ba shi. Ko ya yi amai, ki jira kamar minti goma ki ci gaba."

"Sista, ba za a yi masa ƙarin ruwa ba? Wannan ai gishiri da sukari ne kawai."

Uwar ba ta yi ƙarya ba. Mafi yawan abin da ke cikin ledar nan akwai shi a madafinta. Amma kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Wannan haɗin ya ceci rayukan miliyoyin yara a duniya, kuma dalilin da ya sa yake aiki yana ɓoye ne a wani wuri da ido ba ya gani: ɗan siririn tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta a jikin mutum.

Ganuwar da aka gina da mai

Jikin babban mutum ya ƙunshi ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Tun a 1665 Robert Hooke na Ingila ya duba ɓawon wata bishiya da na'urar ƙara girman abu, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Abin da ya gani busassun bangaye ne na tsiro. Tantanin da ke kewaye da ƙwayar halitta mai rai ya fi ƙarfin na'urarsa nesa ba kusa ba, domin kaurinsa bai wuce nanomita bakwai zuwa goma ba. Sai an jera irinsa sama da dubu goma, wani kan wani, kafin a kai kaurin takarda guda ta littafin rubutu.

Bakano zai fi saurin gane aikin tantanin nan idan ya tuna da ganuwa. Birni na da ciki da waje, kuma ba ta ko'ina ake shiga ba, sai ta Ƙofar Mata, ko Na'isa, ko Kabuga, ko Nassarawa, kowace da Sarkin Ƙofarta wanda ya san mai shiga da mai fita. Haka ƙwayar halitta take. Abin da ke cikinta ya bambanta da ruwan da take ciki, kuma ranar da wannan bambanci ya gushe, ranar ta mutu. Sai dai inda misalin ya tsaya shi ne, ganuwar Kano da ƙasa aka gina ta, ta ƙwayar halitta kuwa da mai.

Wanda ya fara hango haka shi ne Charles Ernest Overton, a shekarun 1890. Ya yi ta gwada sinadarai iri-iri a kan ƙwayoyin tsirrai, ya lura cewa duk abin da ke narkewa a mai yana shiga da sauri, abin da ke narkewa a ruwa kuwa sai ya tsaya a waje. Magabata sun riga sun ajiye mana hoton wannan a karin magana: gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Gishiri da sukari 'yan gidan ruwa ne, mai kuwa ba ya ga maciji da ruwa. Saboda haka katangar mai ta isa ta tsare gishiri a waje.

Tubalin wannan katanga wani nau'in kitse ne da ake kira fosfolifid, mai siffar talibamban: kai guda da ke son ruwa, da jela biyu masu gudunsa. Idan aka zuba irin waɗannan cikin ruwa, ba sa jiran magini. Da kansu suke jeruwa sahu biyu, kawuna na fuskantar ruwan waje da na ciki, jeloli sun ɓuya a tsakiya. A 1925 wasu masana biyu a Holand, Evert Gorter da François Grendel, suka tatso kitsen jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka auna. Suka tarar ya rufe fili ninki biyu na fatar ƙwayoyin, suka ce lallai tantanin ruɓi biyu ne. Daga baya an gano kurakurai a awonsu, amma hukuncin da suka yanke ya tabbata.

A 1972 Jonathan Singer da Garth Nicolson a Amurka suka kammala hoton da ake koyarwa a makarantu har yau. Tantanin ba sandararre ba ne, yana da laushi kamar man gyaɗa, kuma akwai furotin iri-iri da ke yawo a cikinsa kamar kwale-kwale a tafki, wasu sun ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Waɗannan furotin su ne ƙofofin. Akwai kuma kolestarol, wanda ake yawan zagi a asibiti, amma a nan aikinsa daidaita tantanin ne don kada ya narke da zafi ko ya daskare da sanyi. A fuskar waje kuma akwai 'yan sarƙoƙin sukari, tamkar zanen fuska da ake gane ɗan gari da shi. Rukunin jinin mutum, A ko B ko O, daga irin wannan zane yake a kan jajayen ƙwayoyin jininsa.

Da yake katangar ta mai ce, sabulu na iya wargaza ta kamar yadda yake wanke maiƙon tukunya. Shi ya sa lokacin annobar korona aka dage kan wanke hannu da sabulu: ita ma ƙwayar cutar rigar kitse take sanye da ita.

Masu shiga ba sallama

Akwai abubuwan da ba ruwansu da Sarkin Ƙofa. Idan amarya ta sa turaren wuta a kusurwar ɗaki, ba wanda ke ɗaukar ƙamshin ya kai shi zaure. Da kansa yake bazuwa, daga inda ya yi yawa zuwa inda babu. Haka iskar oksijin ke yi. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kuma ɗauke da cajin lantarki, sai ta sulale ta tsakanin jelolin kitsen, daga huhu zuwa jini, daga jini zuwa tsoka. Gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa ta bi hanyar ta koma. Jiki ba ya kashe ko sisin ƙarfi a kan wannan zirga-zirga.

Ruwa ma yana da tasa ɗabi'ar, wadda masana ke kira osmosis. Idan tantani ya raba ruwa biyu, ɗaya mai gishiri ko sukari da yawa, ɗaya mai kaɗan, ruwa zai riƙa ratsawa zuwa ɓangaren da ya fi kauri. A taƙaice, ruwa na bin gishiri. Kowace uwargida ta san wannan ko ba ta san sunansa ba. Ta yanka albasa da tumatir da kokwamba, ta barbaɗa gishiri, kafin ta juya kwanon ya tara ruwa. Mai sayen fata bayan Babbar Sallah yana shafe fatar rago da gishiri don ya zuƙe danshinta, ya kuma zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin cutar da za su ruɓar da ita. Zuma na shekara ba ta lalace ba saboda sukarinta ya yi kaurin da duk ƙwayar cutar da ta faɗa ciki bushewa take yi. Manomin da ya zuba takin zamani da yawa a gindin masara ya ga ta ƙone, shi ma abin da ya faru ke nan: ƙasa ta fi saiwa gishiri, sai ta janye ruwan shukar.

Abin yana juyawa ta ɗaya gefen. Da za a ɗura wa mutum zallan ruwa ta jijiya, ruwan zai kwarara cikin jajayen ƙwayoyin jini, su kumbura su fashe. Saboda haka ledar ƙarin ruwa da ake ratayawa a asibiti take ɗauke da gishiri giram tara a kowace lita, daidai da kaurin jini.

An daɗe ana mamakin yadda ruwa ke ratsa katangar mai da irin saurin da ake gani a ƙoda. Ƙodojin mutum na tace kimanin lita 180 a kwana guda, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. A 1992 Peter Agre na Jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa ruwa na da tasa kafa ta musamman, wani furotin da aka raɗa wa suna akwaforin. Ƙwayoyin ruwa na bi ta cikinsa a layi ɗaya, biliyoyi cikin daƙiƙa guda, gishiri kuwa ba ya samun wucewa. Wannan ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2003, tare da Roderick MacKinnon wanda ya zana siffar ƙofar fotasiyam.

Sarakunan ƙofa da famfon da ba ya hutawa

Gishiri idan ya narke yakan rabu biyu, sodiyam da kulorayid, kowanne da cajin lantarki. Su da fotasiyam da kalsiyam ba su da hanyar ratsa kitse, sai ta ƙofa. Wasu ƙofofin kafa ce kawai mai murfi, a buɗe a rufe. Wasu kuma 'yan dako ne: furotin ya rungumi kayan a waje, ya juya jikinsa, ya sauke a ciki. Da haka sukarin jini, wato gulukos, ke shiga tsoka. Idan mutum ya ci tuwo, sinadarin insulin ne ke ba da umarni a fito da ƙarin 'yan dako bakin tantani. Mai ciwon sukari, ko insulin ɗin ne babu, ko kuma ƙwayoyin sun daina jin kiransa, sai sukari ya taru a jini alhali tsoka na jin yunwa.

Duk waɗannan gangara suke bi, daga inda abu ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Amma wa ya haƙa gangaren tun farko? A 1957 Jens Christian Skou, wani likita ɗan Denmak da ke bincike a kan jijiyoyin ƙaguwa, ya gano wani furotin da ke aiki kamar famfon ban-ruwa. A kowane bugu yana fitar da sodiyam uku waje, ya shigo da fotasiyam biyu, yana ƙona sinadarin ATP, wanda shi ne man fetur ɗin ƙwayar halitta. Famfon nan ba ya barci. Ko mutum na kwance yana minshari, wani kaso mai tsoka na abincin da ya ci yana tafiya ne wajen juya shi, musamman a ƙwaƙwalwa. Sai bayan shekara arba'in, a 1997, Skou ya karɓi tasa kyautar Nobel.

Sakamakon aikin famfon shi ne sodiyam ya taru a waje kamar ruwa a bayan madatsar Tiga, yana neman ko'ina ya kutsa ciki. Da wannan matsi jijiya ke aika saƙo: ƙofofin sodiyam su buɗe ɗaya bayan ɗaya, lantarki ya ruga daga ɗan yatsa zuwa ƙwaƙwalwa. Allurar da likitan haƙori ke yi kafin ya cire haƙori toshe waɗannan ƙofofi take yi, saƙon zafi ya rasa hanya. Magunguna da yawa da ke kan kantar kemis aikinsu ke nan. Omeprazole na masu gyambon ciki yana tsayar da famfon da ke zuba asid a tumbi. Amlodipine na masu hawan jini yana rage buɗewar ƙofofin kalsiyam a jijiyoyin jini, su saki jiki.

Cututtuka ma ƙofa suke nema, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani nau'in zazzaɓin cizon sauro da ake kira vivax, wanda ya addabi Indiya da Kudancin Amurka, yana kama wani furotin mai suna Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jini kafin ya shiga. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma an haife su babu wannan furotin a kan ƙwayoyin jininsu, shi ya sa nau'in bai yi ƙarfi a yankin ba. Wanda ke kashe mana yara, falsifarum, yana da wasu hanyoyin nasa.

Abin da ya fi ƙarfin ƙofa kuma, tantanin kan naɗe shi gaba ɗaya ya haɗiye. Haka fararen ƙwayoyin jini ke cinye ƙwayoyin cuta.

Ƙofa mai sharaɗi

Yanzu sai mu koma hanji. Tsakanin abin da mutum ya sha da yawu da ruwan tumbi da na matsarmama da sauransu, lita takwas zuwa tara na ruwa ke bi ta hanjinsa kullum. Hanji na tsotse kusan duka, abin da ke fita da bayan gida bai cika kofi guda ba. Hanji ba shi da famfon ruwa. Dabararsa ita ce ya shigar da sodiyam, ruwa ya biyo baya.

A 1960, a wani taron masana a birnin Prague, Robert Crane ɗan Amurka ya gabatar da bayanin wata ƙofa a tantanin ƙwayoyin hanji mai sharaɗi na ban mamaki. Sodiyam shi kaɗai ba ta buɗe masa, gulukos shi kaɗai ba ta buɗe masa. Sai sun zo tare. Daga baya aka tabbatar da ƙa'idar: sodiyam biyu, gulukos ɗaya. Sodiyam na gangarowa da ƙarfin matsin da famfon Skou ya tara, yana jan gulukos a bayansa, kamar yadda mai amalanke ke saukowa gangara da kayan wani. Da sun shiga, famfon ya tura sodiyam ta ƙofar baya zuwa jini, kulorayid ya bi shi, ruwa ya bi su duka. Ana kiran wannan ƙofa SGLT1.

To, me kwalara ke yi? Ƙwayar cutar ba ta huda hanji, ba ta kuma shiga jini. Maƙalewa take yi a bango tana zubo dafi. Sambhu Nath De, wani likita a Kalkata, shi ya tabbatar a 1959 cewa dafin ne ke jawo zubar ruwan. Dafin kan kama tantanin ƙwayar hanji, ya shige ciki, ya danne wani makunni ya hana shi komawa. Sai ƙofofin kulorayid su wangale, kulorayid ya yi ta bulbula cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su. A lokaci guda, hanyar da hanji ya saba tsotsar gishiri zalla ta toshe. Dokar da ke raya mutum kullum, wato ruwa na bin gishiri, ita ce aka juya ta koma tana tsiyaye shi. Shi ya sa ruwa zalla ba ya wadatar da mai kwalara: ba abin da zai ja shi zuwa jini, ba ya kuma mayar da gishirin da ya zube.

Amma dafin bai taɓa ƙofar Crane ba. Tana nan lafiya lau, tana jiran sodiyam ya zo da abokin tafiyarsa. Duk sirrin ruwan gishiri da sukari ke nan. Sukarin da ke ciki ba don daɗi aka sa shi ba, mabuɗi ne. Sukarin shayi ma na yi, domin hanji na raba shi ya fitar da gulukos.

Daga Dhaka zuwa sansanin Bangaon

Sanin ƙofa daban, sanin awo daban. A 1962 wani likitan sojan ruwan Amurka, Robert Phillips, ya sa aka gwada haɗin gishiri da gulukos a kan masu kwalara a Manila. Haɗin ya yi kauri fiye da kima, mutum biyar suka rasu, shi kuma ya ja da baya daga wannan hanya. Sai a 1968 wasu matasan likitoci, David Nalin da Richard Cash, tare da abokan aikinsu a cibiyar binciken kwalara ta Dhaka, suka nuna cewa idan aka daidaita awon, aka kuma riƙa bai wa marar lafiya gwargwadon abin da yake zubarwa, buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya na raguwa matuƙa.

Babbar jarrabawa ta zo a 1971. Yaƙin neman 'yancin Bangladesh ya kori mutane kusan miliyan goma zuwa Indiya, ga damina, ga cunkoso, sai kwalara ta ɓarke. A sansanin Bangaon da ke bakin iyaka, Dokta Dilip Mahalanabis ya ga ledojin ƙarin ruwa sun ƙare, masu iya sa allurar ma ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sai ya sa aka riƙa auna gishiri da gulukos da bakin-soda ana damawa a durom. Ya miƙa wa 'yan uwan marasa lafiya kofuna, ya ce su yi ta ba su. Iyaye mata da 'ya'ya da maƙwabta suka zama ma'aikatan jinya. Inda a da kusan kashi 30 cikin ɗari na masu cutar ke mutuwa, a cikin mutum sama da dubu uku da aka kula da su ta wannan hanya adadin ya sauko zuwa kashi 3.6. A 1978 mujallar likitoci ta Lancet ta bayyana gano alaƙar sodiyam da gulukos a hanji a matsayin abin da mai yiwuwa ya fi kowane ci gaban likitanci muhimmanci a ƙarnin. Mahalanabis ya rasu a 2022.

A shekarun 1980 ƙungiyar BRAC ta Bangladesh ta tura mata gida-gida, suka koya wa miliyoyin iyaye yadda ake haɗa shi da ɗan gishiri da mazarƙwaila a rabin lita ta ruwa. A Najeriya, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, an yi ta yayata ruwan gishiri da sukari a rediyo da asibitocin sha-ka-tafi. Wajen 1980 gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da miliyan huɗu a duniya kowace shekara. Yau adadin bai kai rabin miliyan ba. Ruwan sha mai tsabta da rigakafi sun taka rawa, amma wannan haɗi yana sahun gaba.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne

Duk da haka ba mu tsira ba. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum dubu 100 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Wannan cuta ce da, idan an kula da ita da wuri, ba ta kashe ko mutum ɗaya cikin ɗari, kuma mafi yawan masu ita ruwan sha na baki ya ishe su.

Wanda ya fahimci yadda ƙofar ke aiki zai gane inda ake yin kuskure. Wata uwar kan ga yaro ya ƙi sha, sai ta ƙara sukari don ya yi zaƙi. Wani uban kan sayo lemon kwalba, yana ganin ya yi gata. Ƙofar na da iyakar abin da take ɗauka. Sukarin da ya yi saura a hanji zai janyo ruwa daga jikin yaron, kamar yadda gishiri ke janye ruwan tumatir, gudawar ta ƙaru. Idan gishiri ne ya yi yawa, jini zai yi kauri ya zuƙe ruwan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, har ta kai ga jijjiga. Saboda irin wannan lissafi ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka rage kaurin haɗin a farkon shekarun 2000. Ledar yanzu na ɗauke da gulukos giram 13.5, gishiri giram 2.6, fotasiyam kulorayid giram 1.5 da sitiret giram 2.9, an auna su ne don lita guda cif. Wanda ya dama leda guda a ƙaramin kofi ya mai da magani guba.

Wani kuskuren shi ne yanke ƙauna da wuri. Uwa ta ba da kofi biyu, ta ga gudawa ba ta tsaya ba, ta ce maganin ba ya ci, ta tafi kemis neman abin da zai ɗaure cikin. Ba aikinsa ba ne tsayar da gudawa. Aikinsa ya riƙa mayar da abin da ke zuba har ƙwayoyin hanjin da dafi ya taɓa su faɗi, sababbi su maye gurbinsu, abin da kan ɗauki 'yan kwanaki. Wasu kuma sukan ce haƙori ne yaro ke fitarwa, a ƙyale shi zai wuce, ko su ga maɗiga ta faɗa su nemi abin shafawa a ka. Faɗawar maɗiga a yaro mai gudawa alama ce ta ƙarewar ruwan jiki.

Ga abin da ya kamata kowane gida ya riƙe. A ajiye ledar garin gishiri da sukari, wato ORS, biyu ko uku tun kafin damina ta sauka. Da zarar gudawa ta fara, a wanke hannu da sabulu, a dama leda guda a lita guda ta ruwan da aka tafasa ya huce, a riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan bayan kowace fita, abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. Idan babu leda, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin cokalin gishiri, a lita guda. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Kada a daina shayar da nono, kada a hana abinci. A haɗa da ƙwayar zinc ta kwana goma zuwa sha huɗu kamar yadda ma'aikacin lafiya ya tsara. Idan kuwa yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya langaɓe, ko an ga jini a bayan gidansa, ko kuma gudawar ta zama irin ta ruwan shinkafa, a garzaya asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba, ana tafe ana ba shi a hanya. Allah Ya tsare mana zuri'a, mu kuma mu kiyaye awo.